A Aiko Acca, Kada a Aiko Mutum

Narayi, Kaduna
Farkon hutun damina

Zuwa ga Yaya Phoebe,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da gona da ruwan sama. Ina gajiya? Tawa gajiyar ce ta sa na ɗauki biro.

Kada ki tsorata da ganin takarda a hannun Friday direba, ba wanda ya mutu. Raba ni aka yi da wayata, kuma zan gaya miki dalili.

Tun bayan Ista ba ni da lafiya, na ɓoye miki. Ba zazzaɓi ba ne. Gabana ne yake faɗuwa ba gaira ba dalili, in na kwanta barci ya ƙi zuwa, in na tashi kamar wadda ta wuni tana daka. Ana gab da hutu ina tsaye gaban allo, alli a hannuna, sai kaina ya ɗauke ɗif. Na manta abin da nake koyarwa, yara sun zuba mini ido. Kuma ba ranar kaɗai ba. Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ta ce cikin ladabi in yi amfani da hutun nan in nemi lafiya, domin in aka koma aka sake ganin haka za su ba wani ajina. Makaranta ce mai zaman kanta, ba sa jiran kowa. Kin kuma san mijina Ben yana can Fatakwal, aikinsa yau akwai gobe babu. Da allon nan muke ci.

Na je asibiti, an ɗibi jini, an auna nan an auna can. Likita ya ce ba maleriya ba taifot, damuwa ce ta yi mini yawa. Wata abokiyar aikina ta kai ni unguwar Trikania wurin Madam Miriam, mai magani da ganye da abinci da hutu, ba allura ba ƙwaya. Na zaci zan tarar da ƙwarya da hayaƙi. Sai ga mace da tabarau da benci mai tsabta, ta zaunar da ni tana tambaya: me nake ci, yaushe nake kwanciya, su wa ke kirana a waya. Na gaya mata tun da na tare a Narayi gidana ne masaukin duk wanda ya taso daga gida, mai zuwa asibiti da mai neman aiki da mai jarrabawa. Ban kai ƙarshe ba ta miƙo hannu ta ce, "Kawo wayar nan, ta shiga azumi." Ta kashe ta, ta ce in jefa ta a akwati sai an koma makaranta.

Ta haɗa mini shayin na'a-na'a da citta da wani ganye mai ƙamshin lemo, a sha da zuma. Ta hana ni lemon kwalba da soye-soye. Ta ce in riƙa takawa da sassafe, in dawo in zauna in rufe ido in ja numfashi a hankali. Ta ce in koma cin acca. Acca, Yaya! Abin da muka ci har na rantse in na shiga birni ba ni ba ita. Amma babban maganin, in ji ta, shiru ne: gida ba hayaniya, ba hidimar kowa. Sa'ata ɗaya, baƙon ƙarshe ya tafi makon jiya, gidan wayam yake.

Roƙona biyu ne. Ki ba Friday acca da zumar gida ya kawo mini. Sannan don Allah kada ki gaya wa kowa. Kin san mutanenmu.

Ƙanwarki,
Dorcas

*

Zonkwa

Dorcas ƙanwata,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Mu nan lafiya lau, citta ta yi kyau, ruwa sai godiya.

Na karanta takardarki. Tun Ista! Ni da na goya ki, sai shugabar makaranta ta riga ni sani. Na yafe, amma ban ji daɗi ba.

Ban gaya wa kowa ba sai matan zumuntar cocinmu. Ina uwar zumunta ba zan hana ƙanwata addu'a ba. Fasto daga wurinsu ya ji. Kawu Istifanus kuwa shi ya tare ni a hanyar coci, ba zan dubi ƙanen mahaifiyarmu in yi masa ƙarya ba.

Ga acca, ga zuma sabuwa daga amya. Amma zancen in ba Friday ya kawo, wannan ban yi ba. Yaushe muka fara aika wa mara lafiya magani a hannun direba kamar buhun masara? A gidanmu magani da ƙafa yake zuwa. Mai kawowa ya ga idon mara lafiya, ya zauna da shi, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Dama Kawu yana da tantancewar fansho a Kaduna, ga shi nan da zumar da wannan takarda. Mama Martha, matar marigayi ƙanen Baba, ta riƙo accar. Za ta zauna ta dafa miki, ke ko cokali kada ki ɗaga.

Wannan Madam ɗin taki ta ba ni dariya. Sai da kika je har Trikania aka gaya miki acca abinci ce? Ganyenta ban ƙi ba, ki sha. Amma ban taɓa jin inda shiru ya warkar da mutum ba.

Allah ya ba ki sauƙi.

Yayarki,
Phoebe

*

Narayi

Yaya Phoebe,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Acca da zuma sun iso, tare da masu ɗauke da su, da jakunkunansu, da rediyon Kawu.

Bari in ba ki labarin hutun da nake yi. Mama Martha tana tsoron gas. Ta ce abin nan tashi zai yi da mu, ba za ta taɓa shi ba, gwiwarta kuma ba ta barinta ta durƙusa gaban gawayi. Saboda haka tana zaune a kujera a ƙofar kicin tana gaya mini yadda ake faten acca, ni ina dafawa. Kawu ba ya cin abin da ya kwana. Ofishin fansho sun ce ya dawo, ya koma sun ce ya sake dawowa, kuma ni ce mai raka shi, don ya ce masu keken Kaduna ba su da tsoron Allah. Shayin da Madam Miriam ta haɗa mini ya ɗanɗana, ya ce yana sassauta masa ƙugu. Ya ƙare. Zumar ma saura ta gindin kwalba.

Mama Martha ta zo da nata ilimin. Ta ce likitoci ba su san komai ba, shawara ce ke damuna. Ta sa na tsinko ganyen dogonyaro, na tafasa da hannuna, ta lulluɓe ni da bargo a kan tukunyar har sai da na roƙe ta don Allah.

Shekaranjiya da safe na samu kowa yana barci. Na shiga ɗaki, na zauna a ƙasa, na rufe ido ina jan numfashi yadda aka koya mini. Yaya, na soma jin abin da ya ɗaure mini ƙirji yana kwancewa. Ashe Mama Martha ta tashi. Ta leƙo ta gan ni ido rufe ba motsi, ta kurma ihu, "Jama'a, ta tafi! Dorcas ta tafi!" Kafin in buɗe baki ta juye mini bokitin ruwa a ka. Maƙwabta suka cika gidan, wata har ta fara kuka. Rana ba ta yi tsaka ba labari ya kai ga ƙungiyar 'yan garinmu na Kaduna cewa na suma. Jiya Lahadi suka zo gaisuwa, daga Sabo, daga Nasarawa, daga Romi, falo ya cika har waje. Kowa da maganinsa a leda, kuma kin san ba a barin mai gaisuwa ya tafi bai sa komai a baki ba. Wa ya dafa? Wadda ta suma.

Yau na koma Trikania. Madam Miriam ta dubi idona ta ce, "Kina shan shayin kuwa?" Na ce Kawuna yana sha. Ba ta yi dariya ba.

Don girman Allah kada ki ƙara turo kowa. In akwai saƙo Friday ya isa, shi ajiye kaya yake ya juya.

Ƙanwarki,
Dorcas

*

Zonkwa

Dorcas,

Salama. Takardarki ta iso, na ga tsiwar malamai a cikinta. Tsohuwa ta bar gonarta a tsakiyar damina, ta hau mota da ciwon gwiwa saboda ke, ladanta shi ne ki mai da ita abin dariya. Da ta gan ki ido rufe ta ja ƙofa ta koma, da kin fi so ke nan?

Kina makarantar kwana lokacin rasuwar Yaya Emma, shi ya sa ba ki gane ba. Ni na je. Da masaƙar da yake aiki ta rufe a Kakuri, yayanmu ya kwanta a ɗakin haya a Nasarawa. Duk wanda ya tambaya sai ya aiko cewa lafiya lau, gajiya ce kawai, a bar shi ya huta. Muka bar shi ya huta. Mai gidan haya ne ya fasa ƙofa. Ni na wanke kwanon da ke gefen katifarsa, abincin ciki ya bushe ya manne. A bakin ƙofar nan na yi wa Allah alkawari, muddin ina numfashi ba wani namu da zai sake kwanciya shi kaɗai a garin nan. Yanzu ke ma kin rubuto mini irin maganarsa, gajiya ce, a bar ni. Yaya kike so in yi?

Na ji zancen gas. Ban yi wannan tunanin ba. Ga mata biyu daga zumunta, ƙarfafa ne, sun iya gas, za su karɓi girki su yi miki addu'a safe da yamma. Ɗayar tana fama da ido, in kin samu sarari ki nuna mata asibitin, ke kika san gari. Na haɗo wata zumar, ki ɓoye ta inda Kawu ba zai gani ba.

Ubangiji ya riƙe ki.

Yayarki,
Phoebe

*

Narayi

Yaya Phoebe,

Na gaishe ki. Na yi kuka da na karanta zancen Yaya Emma, ban taɓa jin labarin kwanon ba. Amma ki saurare ni yadda za ki saurari babbar mace. Shi ba shi da kowa. Ni kowa da kowa gare ni. Ciwonmu ba ɗaya ba ne.

Matan zumunta sun iya gas, gaskiyarki. Ba su san kasuwa ba, ba su san inda ake ɗebo ruwa in famfo ya ɗauke ba, addu'ar safe kuwa da tafi da waƙa suke yin ta, tun gari bai gama wayewa ba. Na bar musu gadona, ina kwana a falo kusa da rediyon Kawu. Takawar safen da aka ce in yi ta koma tsayuwa a layin asibitin ido.

Ranar Talata a kasuwar Sabo abin ya dawo, ya fi na aji tsanani. Ina riƙe da ledar tumatir ƙirjina ya ɗaure, ƙasa ta soma juyawa, na tabbata mutuwa zan yi a gaban mai kifi. Wata mai kayan miya ta zaunar da ni a kan buhunta tana yi mini fifita. Da na dawo hayyacina, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne ban sayi manja ba, ga Kawu yana jira.

Na koma wurin likita, don Madam Miriam ta ce kada in daina zuwa. Ya sake aunawa, ya ce zuciyata ƙalau take, hutu nake bukata. Na wuce Trikania in karɓi wani shayin. Ta ƙi ba ni. Ta ce, "Malama Dorcas, in na ƙara miki ganye na cuce ki. Mai hutawa ganye yake taimaka wa. Ke gari guda kike ciyarwa." Na ce ai 'yan'uwa ne, gaisuwa suka zo. Ta ce, "To ki ce musu kin amsa, su tafi."

Na dawo gida da niyya. Tun a cikin keke na shirya maganar, na tsaya gaban Kawu. Ya ɗago kai ya ce, "'Yata, yaya jikin?" Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko tuwo yake so ko shinkafa. Haka kuka rene ni, ke da Mama. Na iya tsawata wa aji guda su yi tsit, ban iya ce wa tsoho ya koma gida ba.

Hutu ya kusa ƙarewa. Hannuna yana rawa yanzu haka, ga rubutun nan kina gani. In na koma gaban allo a haka na rasa aikin, kuma gaisuwa ce ta ja mini. Haushi nake ji, Yaya. Haushinki, haushin kaina, ga kunya a kai, don na san ƙauna ce ta sa kuke yi.

Ƙanwarki,
Dorcas

*

Zonkwa

Dorcas,

Salama. A kasuwa! A gaban mutane! Shi ke nan, na daina aike. Ranar Asabar da motar Friday ta safe ni da kaina zan zo, na bar citta a hannun Allah. Zan kuma ga wannan Madam da ta hana mara lafiya magani, ta ce a kori dangi. Ki gyara mini wuri, ko a ƙasa ne.

Yayarki,
Phoebe

*

Zonkwa

Yaya Phoebe,

Ina gaisuwa daga ɗakinki. Ki dubi saman takardar da kyau, ba kuskure na yi ba.

Ranar Asabar na je tasha, kuma Allah ya sani taryenki na je yi. Na hango ki kina saukowa daga motar Friday, buhu a ka, kaza a hannu, sai ga matar Sylvanus maƙwabcinki ta sauko a bayanki da jakarta. Ke da kika ce kin daina aike. Na laɓe bayan rumfar mai burodi har kuka hau keke. Friday yana lodin komawa, na shiga na zauna a kujerar da kika tashi, da sauran ɗuminki a kai. Ba jaka, ba komai. Ya dube ni ta madubi bai tambaye ni ba, Allah ya yi masa albarka. Ni na sa ya kira ki ya ce ina lafiya, don kada hankalinki ya tashi.

Makulli yana inda yake tun zamanin Mama, ƙarƙashin turmi. Unguwa duk suna gona, ba motsi sai na kaji. Masu zuwa gaishe ni kuwa duk suna gidana a Narayi. Na dafa acca da zogalen bayan ɗakinki, na ci ni kaɗai, na kwanta, na yi barcin da rabona da irinsa tun Ista. Da safe na taka har rafi na dawo, na zauna a gindin mangwaro na rufe ido na ja numfashi, ba wanda ya zuba mini ruwa.

Ban warke ba, kada in yi miki ƙarya. Gaban yana faɗuwa har yanzu, musamman in na tuna abin da na yi miki. Amma hannuna ya rage rawa.

Kawu ba ya cin ɗumame. Mama Martha ba ta son yaji. Mai ciwon ido za ta koma asibiti ranar Alhamis, a je da wuri. Ruwan famfo da safe yake zuwa, in ya zo a cika komai.

Na san a hannunki nake. Kalma ɗaya za ki faɗa, gobe mota ta cika ta biyo ni. Ina roƙonki ki bar ni nan har a koma makaranta.

Ƙanwarki mai laifi,
Dorcas

*

Narayi

Dorcas,

Ba zan ce salama ba yau, don babu ita a zuciyata. Kin kunyata ni. Na shigo da kaza a hannu, tsofaffi suna tambayata ina mara lafiya, ni ina tambayarsu. Friday ya kira ya ce kina lafiya, ya kashe waya. Sai yanzu takardarki ta gaya mini a kan gadona kike. Ban faɗa musu ba tukuna, kunya ta hana ni cewa gudunmu kika yi.

Gidan nan naki kuwa, wane irin gida ne? Tun da na sauka ban zauna ba. In sauke tukunyar Kawu in ɗora ta Mama Martha, in juya 'yan ƙungiya sun yi sallama, wai sun ji na zo sun zo yi mini sannu da zuwa, su ma a zuba musu. Matan da na turo su taimaka sun ce tunda uwar zumunta ta iso ai sai su ɗan huta. Jiya gishiri na zuba a kunu. Ni Phoebe! Ina wuni a gonar citta bayana bai taɓa yi mini haka ba.

Amma wannan ba hujja ba ce. Gobe zan je Trikania in gaya wa Madam ɗinki abin da ke raina, jibi in sa Mama Martha da matar Sylvanus a mota su zo su zauna da ke. Ba zan bar ki ke kaɗai a ɗaki ba. Kin san dalili.

Phoebe

*

Narayi

Dorcas ƙanwata,

Salama. Na je Trikania da faɗa a bakina. Madam tana ganin wani, aka ce in jira a benci. Na jingina da bango. Da na buɗe ido ana sharar wurin za a rufe, an lulluɓa mini zane a ƙafa. Ashe ta leƙo ta gan ni, ta hana kowa tashina. Ta miƙo mini shayi ta ce, "Mama, ke 'yan kwanaki kika yi a gidan. Ita shekaru." Faɗan ya ƙi fitowa.

Ban sa kowa a mota ba. Kawu ya tsare ni da tambaya, na ce kina inda mai maganinki ta ce, kuma ba a zuwa. Ya yi fushi ya ƙi cin tuwona. Zan riƙe su a nan, don in na sallame su yanzu a kanki za su sauka. Ranar da kika taso mu kuma mu tashi gaba ɗaya, ki tarar da gidanki wayam. Ni zan faɗa musu, tunda bakinki ya kasa.

Abu ɗaya nake roƙo. Kullum in Friday zai wuce, ki fito bakin hanya ki ɗaga masa hannu, ya gaya mini ya gan ki a tsaye. Ba sai ya shigo ba.

Ga shayin Madam a leda. Ki duba bayan Friday da kyau, ba kowa, shi kaɗai ne.

Yayarki,
Phoebe